Littafi Mai Jar Fata

Ni dai ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Filinge ina amarya, in ka cire kasuwa da gidan suna da gidan rasuwa, ƙafata ba ta san hanya ba. Maigida shi ne mai fita, shi ma ba nisa yake yi ba, daga ƙofar gida sai ɗakin karatu na gari, wanda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke ce wa bibiliyotek. Ɗaki ne na laka mai rufin kwano a bayan gidan matasa, da kantocin katako jikin bango da benci. Zamanin soja aka ba shi riƙonsa, ya kuwa riƙe shi har ƙarshen ransa. Mutanen gari suna ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ko da yake bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na ubana ba. In ina son shi sai in ce Malam, in raina a ɓace yake sai in ce kai.

A cikin littattafan ɗakin nan akwai guda ɗaya da na yi shekaru ina nema bayan rasuwarsa, alhali ko sunansa ban sani ba.

A wancan lokacin ban iya karatu ba. An sa ni lakwal ina ƙarama, ban daɗe ba aka cire ni, abin da na fito da shi waƙa ce kawai. Amma Allah ya ba ni kunne. In na ji magana sau ɗaya ta zauna, har da tarin mai maganar da inda ya ja numfashi.

Littattafai daga Yamai suke zuwa cikin kwali, a bayan babbar mota, tare da buhunan siminti da fasinja. Kowane littafi da ɗan katinsa daga wurin masu bugawa. Malam kan kawo katunan gida ya baza su kan tabarma yana jerawa, ya hana kowa giftawa, har kaji sai na kore su.

Na ce, "Wai mi ke ga 'yan katunan ga da kake lallaɓawa kamar ƙwai?"

Ya ce, "Wanga shi ne asalin littafi. Sunanshi, da wanda ya rubuta shi, da garin da anka buga shi. Abin da ke ga katin shi ke ga takardar farko ta littafin. In sun rabu, littafi ya zama baƙon da ba a san gidansu ba."

"To a ba shi hura mana, in ya sha ya hwaɗi."

Ya yi dariya ya ce bakina ba ya gajiya. Haka yake cewa kullum, kuma bai taɓa cewa in yi shiru ba.

Bayan la'asar, in ya rufe ɗakin, yakan dawo da littafi ɗaya cikin aljihun riga. Sai ya rubuta kansa cikin masu aro kamar kowa, in wa'adi ya cika ya mayar, ya sake arowa. Mu zauna gindin dogon yaron tsakar gida, ina tsinkar zogale ko ina ɓarar gyaɗa, shi yana karanta mini. Ya karanta mini da yawa, na noma, na kiwon kaji, na tatsuniyoyi. Duk Hausarsu irin ta rediyo ce, a miƙe, ba gishiri. Guda ɗaya ne ya bambanta. In ya buɗe shi, sai ka ce wani ɗan unguwarmu ne ya shigo yana ba da labari.

Labarin wani mutum ne da aka ɗora wa hura wuta a kan dutse kowace yamma, don ayarin da ke gangarowa daga arewa ya hango haske ya gane bakin rijiya. Shi kaɗai yake zaune a saman dutsen, ba shi da damar saukowa. Matarsa tana ƙasa cikin gari, mace mai surutu, da ba ta samu mutum ba sai ta yi da kaji. Ita ke aika masa da hura da dambu. Da yamma ta ga wutarsa ta san yana raye, da safe shi kuma ya ga hayaƙin murhunta ya san tana nan. Malam a hankali yake karanta wannan littafin. Sai ya kalli takardar, leɓɓansa su motsa ba sauti, sannan ya ɗago ya faɗa. Na ɗauka don ni yake jinkirtawa, don in fahimta.

Wata rana na leƙa ta bayan kafaɗarsa na ga zane a ciki: wani dogon gini kamar hasumiyar masallaci, tsuntsaye na kewaya shi, ƙasansa layuka a lanƙwashe kamar ruwa.

Na ce, "Malam, ina dutsen?"

Ya ce, "Mai zanen bai taɓa zuwa ƙasarmu ta Kurfai ba."

Na ce lalle kam, na koma kan zogalena.

Wurin da na fi so shi ne shekarar da ruwan sama ya kashe wutar. Matar ta duba ba ta ga haske ba, ta ɗaura zane ta hau dutsen da garwashi cikin kasko, tana hawa tana faɗa. Da ta kai sama ta tarar da shi zaune a jiƙe, sai ta faɗa masa wata magana. Ranar da Malam ya fara karanta mini wurin na yi dariya har na zubar da kwanon zogale, shi kuma ya rufe littafin ya daɗe yana kallona.

Ba ni kaɗai yake karanta wa ba. Ran kasuwa mutanen ƙauye kan ɗaure jakuna a inuwar ɗakin, su zauna bakin ƙofa ya karanta musu. A cikinsu akwai wani tsoho manomi daga ƙauyukan gindin duwatsu, mutumin gargajiya, ba ya salla, gidansu gidan bori ne tun kakanni. Ya ƙulla abota da Malam, har yana kawo mana wake da kaka. Wannan tsohon ya kamu da labarin mai wuta, ya nace sai an ara masa littafin ya kai ƙauye. Malam ya ce ai ba ka karatu. Ya ce akwai mushen lakwal a ƙauyensu, shi zai karanta musu. Aka ba shi. Damina ta tare hanya, bai dawo da shi ba sai da aka yanke gero.

A nan gidan ya kawo shi, a naɗe cikin tsumma. Da ya warware sai ga littafin cikin jar fatar akuya, an ɗinke gefensa da kyau, har da igiyar ɗaurewa, kamar littafin malamai. Ya kai wa baduku ne ya yi masa riga, don a wurinsa abin da ka ji daɗinsa ba ka mayar da shi tsirara. Malam ya karɓa yana godiya, ya buɗe, sai na ga ya dafe kai.

"Baba, ina bangon? Ina takardar farko?"

"Sun yi dauɗa, duk sun yage. Baduku ya yanke su ya daidaita. Ai ba labari cikinsu, na sa an duba."

"Sunan littafin ke nan kunka yanke."

"Suna? Kai ba ka san shi ba?"

"Na san shi."

"To mi anka rasa?"

Malam ya rufe littafin ya ɗaure igiyar. Ni ina bakin murhu ina danne dariya. Da zai tafi tsohon ya ƙara da cewa mushen ƙauyensu bai iya komi ba. Wai ya buɗe littafin ya yi ta in'ina, ya ce aiki ne babba, ya karanta musu wani abu marar daɗi da ba ayari ba rijiya, har mutane suka watse. Malam ya yi murmushi kawai ya ce kowa da irin karatunsa.

Daga nan abin ya zama yayi. Duk wanda ya ari littafi ya ji daɗinsa sai ya biya wurin dukawa kafin ya mayar, su kuma dukawa almakashinsu ba ya barin yagaggen bango. Littafin da ba mai so shi ke nan da sunansa fes, wanda aka fi so kuwa ba shi da suna. Mutane suka koma cewa a ba ni mai baƙar fata, a ba ni mai tunku a goshi. Namu shi ne mai jar fata. Ni da ban taɓa kiran sunan mijina ba, rashin sunan littafi bai dame ni ba ko kaɗan.

Malam ne abin ya dama, musamman da aka aiko daga biro, ofishin hukuma, cewa wani mai kaki zai zo ya duba kowane littafi da katinsa. Lokacin ba a wasa da irin wannan aike. Ya yanka 'yan takardu, ya rubuta sunayen daga kansa, ni na jiƙa masa ƙaro cikin ƙwarya, ya bi fatun ɗaya bayan ɗaya yana mannawa daga ciki. Mai kakin ya zo, ya ɗaga biyu ko uku, ya shinshina fatar, ya ce garin nan kuna da aiki, ya tafi. Da na sani da na ce Malam ya karanta mini abin da ya manna cikin namu. Ban tambaya ba, don ina ganin kullum yana nan.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, aka shiga shekarun yajin aiki. 'Ya'yanmu suka watse, maza suka yi Yamai da bakin teku, macen aka kai ta Abala. Malam ya kwanta ciwo bayan wata kaka, bai daɗe ba. Mai jar fata kuwa ya riga ya mayar da shi, don wa'adinsa ya cika kafin ya kwanta. Ina cikin takaba aka aiko karɓar mabuɗi, na ciro shi daga aljihun rigarsa na bayar. Aka rufe ɗakin. Gwamnati ta zo, gwamnati ta tafi, soja suka sake dawowa suka sake tafiya, ɗakin yana rufe.

Gidan ya yi mini girma. Da safe akwai aiki, da rana akwai maƙwabta, amma bayan la'asar kowa na gidansa. Sai in shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro in ɗauko zogale, in ji kunnena yana jiran abin da ba zai zo ba. Yaran sun yi ta cewa in koma Yamai wurinsu. Na je sau ɗaya, ban iya barci ba, na dawo. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu na shiga, ba don komi ba sai don lokacinsa ya faɗo daidai la'asar. A nan na koyi haɗa baƙi, ina tsohuwa, ana yi mini dariya ina ramawa.

A sauran ranaku ni ke ba kaina labarin mai wuta. In faɗe shi da ƙarfi yadda Malam ke faɗa, da inda yake tsayawa, kaji na tsattsaga kusa da ni. Haka na yi shekaru. Sai wata yamma na hau dutsen tare da matar, da kaskonta da faɗanta, muka kai sama, ga mijin zaune a jiƙe, na buɗe baki, babu komi. Maganar da ta faɗa masa ta tafi. Na koma baya na sake hawowa, na sake, wurin yana nan fayau kamar gurbin haƙori. Ni da ake cewa kunnena ba ya zubar da abu. Na tsorata ƙwarai, don na san in wannan ya tafi saura ma za su bi shi. Na ce to yanzu ai na iya karatu, in na samu littafin zan mayar da maganar wurinta.

Ana nan sai na ji an gyara ɗakin karatu an buɗe. Na yafa mayafi na tafi, kuma wannan ne karo na farko da na taka cikinsa. An yi masa siminti da fenti, an kawo sababbin littattafai, an ajiye wata yarinya Bazabarma 'yar Damana da ta yi karatun aikin a Yamai. Gabanta na'ura ce irin mai allon gilashi. Ta tashi ta ba ni kujera, ta gaishe ni da Zabarmanci.

"Fofo, Inna. Mi ake nema?"

Na ce mai jar fata.

Ta dube ni ba ta gane ba. Na faɗa mata ko ni wace ce, sai ta rusuna ta sake gaishe ni. Ta ce, "Inna, abin da muka tarar ƙasa ce. Rufi ya yi yoyo, gara ta shiga. Masu fata ta fara ci, don ƙaron da ke ciki. Fatun kawai muka ɗauka, sun ƙanƙance, cikinsu ba komi. Akwatin katuna ma haka."

Ƙaron da na jiƙa da hannuna ke nan. Na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini hannu. Ta ce in dakata, yanzu aiki ya sake. Masu buga littattafai da ɗakunan karatu sun haɗa bayanansu wuri ɗaya. Da an buga littafi, masu bugawa su zuba sunansa da na marubuci da taƙaitaccen labarinsa, ɗakunan karatu su ɗauka, ba sai kowa ya zauna yana rubuta kati da hannu ba. Su kuma ɗakunan suna ta shigar da tsofaffin da ke hannunsu. In ɗan'uwan littafina yana wani ɗaki a ƙasar nan, za ta gan shi daga nan inda take zaune, a aro mini.

Na ce, "Ashe katunan Malam ne sunka shiga gilashi."

Ta ce su ne. Ta gyara zama ta fara tambaya.

"Sunan littafin?"

"Ban sani ba."

"Wanda ya rubuta?"

"Allah ya sani."

"Inda aka buga? Ko shekara?"

"Ɗiyata, da na san waɗanga da na zo da su cikin ƙwarya."

"Harshe fa? Wannan dai kin sani."

"Hausa mana. Hausa tsantsa, ba irin taki mai ɗingishi ba."

Ta yi dariya ta ce za ta rama, ta rubuta Hausa a gurbin. Ta sa kalmar wuta, ta sa dutse, ta sa ayari. Abubuwa suka fito, ba masu yawa ba. Muka fara aro.

Abin ya ɗauki lokaci. Wani sa'in ba wutar lantarki, wani sa'in na'urar ta ƙi kama hanya, wani sa'in littafin ya taso daga Dosso ko Tawa ya kwana a tasha direba ya manta. In ya iso ta aiko a kira ni. In buɗe, in bi layin farko da yatsa, in rufe. Ba sai na kai ƙasan shafi ba, kunnena ya riga ya gaya mini. Wani na fatake ne, wani na 'yan fashi, wani ma na koyon haƙar rijiya. Ta fara jin kunyata, ni ma na fara jin kunyarta. Na koma aika mata da kopto, zogale da ƙuli yadda Zabarmawa ke so, don kada ta gaji da ni.

Wata la'asar ta kawo mini kwanon da kanta. Ta zauna kan tabarmar, daidai inda Malam ke zama, ban ce ta gusa ba. Ta ce in ba ta labarin duka daga farko, wataƙila akwai abin da muka tsallake. Na ba ta. Rabon da in faɗe shi gaban mutum tun yana raye. Da muka kai saman dutsen na ce mata nan ne ramin, na tsallake. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Inna, ban taɓa jin littafin Hausa mai magana haka ba. Akwai zane a ciki?"

Na ce akwai, amma ba shi da amfani, mai zanen bai san ƙasarmu ba. Na kwatanta mata hasumiyar da tsuntsayen da layukan ruwa. Ta kafa mini ido. Ta tambaye ni yadda Malam ke karantawa, da sauri ko a hankali. Na kwaikwaya mata, kallon takarda, motsin leɓe, ɗago kai. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Ta ce, "Gobe ki zo da safe, kafin a ɗauke wuta."

Da na je ta goge Hausa daga gurbin harshe, ta rubuta wasu kalmomi da Faransanci. Littattafai suka jero, kowanne da hoton bangonsa. Tana turawa ina kallo, har na ce tsaya. Ga hasumiyata, ga tsuntsayen. Ta karanta abin da masu bugawa suka rubuta: labarin wani mutum mai tsaron fitila a bakin teku, don jiragen ruwa su gane hanya. Ɗan ƙaramin littafi ne cikin Faransanci mai sauƙi, na 'yan lakwal. Wani tsohon ɗakin karatu a Yamai yana da guda.

Na ce, "A'a. Da kunnena na ji shi da Hausa."

Ta ce, "Kin ji, Inna. Daga bakinshi."

Sai maganar tsohon nan ta faɗo mini, mushen ƙauye da in'inarsa, ba ayari ba rijiya. Bawan Allah, ashe shi abin da ke rubuce ya karanta.

Littafin ya iso ran wata kasuwa. Siriri ne, bai kai yadda nake tunawa ba, fatar ce ta ƙara masa jiki. Yarinyar ta zo gida bayan la'asar tana karantawa tana juya mini. Ta yi ƙoƙari. Mutumin yana nan, da kaɗaicinsa, da hawa da sauka, da daren da hadari ya kashe fitila. Na ƙagu, na ce ta wuce zuwa inda matar ta hau.

Ta juya shafi, ta dawo baya, ta sake juyawa. Ta ce, "Inna, ba mata a nan."

"Duba da kyau. Mai surutu, mai kaji."

"An ambace ta wuri ɗaya, a farko. An ce ta rasu tun kafin ya karɓi aikin. Shi kaɗai ya sake kunna fitilar."

Kaji suna ta tsattsaga gefen tabarma, ɗaya har tana taka gefen zanena. Hura da dambu, da hayaƙin murhu da safe, da kaskon garwashi, duk babu su a takarda. Maganar da na zo nema ba a taɓa buga ta ko'ina ba. Mutum ɗaya ya san ta, ya faɗa mini gindin itacen nan, ya rufe littafi yana kallona ina dariya.

Yarinyar ta bar ni na yi kukana. Da na share ido ta ce akwai abin da take so ta yi. A bayanin kowane littafi akwai gurbin da ɗakin karatu ke ƙara abin da ya sani. Za ta rubuta cewa a Filinge ana kiran wannan littafin mai jar fata, kuma an san shi da labarin mai hura wuta a kan dutse, don in wani tsoho ya zo nema kamar ni kada a sha wahalar da muka sha. Tana so kuma ta sa wanda ya mayar da shi Hausa da baki.

"Kowa na tambaya, Mushe kawai yake ce mini. Mi ne cikakken sunanshi, Inna?"

Na ce ta tambayi mutanen biro. Ta ce ta fi so daga wurina. Na ce ba a yi bakin da zai faɗe shi ba, yana raye ban faɗa ba balle yanzu. Ta ce to ya za mu yi. Na duba ƙasa. Na share wuri da tafin hannu, na rubuta shi da yatsa cikin rairayi, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana a aji. Ban taɓa ganinsa da rubutuna ba. Ta kwafa a takarda ba ta furta ba, Allah ya yi mata albarka. Na ɗan bar shi kaɗan, sannan na shafe kafin kaji su taka.

Ɗakin Yamai sun ce a bar littafin a Filinge, tun da a nan ake nemansa. Ni ke aronsa. Ban iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba, sai dai in buɗe wurin hasumiyar in ɗora a cinya in faɗi nawa. In wa'adi ya cika in mayar, in sake arowa, yarinyar tana tsokanata wai na hana 'yan lakwal. Wani baduku maƙwabcinmu ya ce in kawo ya yi masa riga kyauta, na ce ya bar shi da bangonsa.

Ramin yana nan. Wani lokaci in mun kai saman dutsen nakan sa wa matar magana daga bakina, in gwada wannan in gwada waccan, ba wadda ta taɓa ba ni dariya. Yawanci dai sai in tsaya a wurin, in yi shiru gwargwadon yadda yake yi in ya kalli takarda, sannan in ci gaba.